Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Inshorar Lafiya Ta Ƙasa, Daga Wata Mai Jinya

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci.

Ni malamar firamare ce a ɗaya daga cikin jihohin Arewa maso Yamma. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekararsa 32 yana aiki. Sunana yana kan katinsa na inshorar lafiya tun zamanin da ake kiran hukumarku NHIS, kuma har gobe mu a nan da wannan sunan muka fi saninku. A hunturun ƙarshen shekarar 2025 na kwana 26 a asibiti ina jinyarsa. Ƙusa ya taka a bayan gida, ciwon suga ya hana wurin warkewa, ƙafar ta rube. Allah cikin ikonSa Ya tashi kafaɗunsa, ya fito da ransa, ya bar yatsu biyu a ɗakin tiyata, yanzu yana takawa da sanda. Mun gode wa Allah.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin HMO ɗin da yake riƙe da mu ba, wato kamfanin da ke tsakanin hukumarku da asibiti, mai ba da izinin jinya da biyan kuɗinta. Ba ƙarar kowa na kawo ba. A wannan asibitin akwai nas ɗin da ta cire kuɗi daga jakarta ta saya mana auduga da tsakar dare, akwai likitan da ya dawo duba mu bayan ya tashi daga aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Bayan an sallame mu, ɗana na fari ya zauna da ni da wayarsa yana karanto mini dokokin da suka shafi wannan kati, yana fassara mini. Sai na tarar yawancin abin da na yi kuka a kansa cikin kwanaki 26 ɗin nan, akwai doka ko umarni a rubuce da ya riga ya kare ni daga gare shi. Ni ce ban sani ba, kuma ba wanda ya gaya mini. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa na ga duhun biyu a haɗe, a barandar asibiti, da kati a hannuna.

Mun isa da misalin ƙarfe 11 na dare. Jikinsa zafi rau, ƙafar ta yi suntum, yana sambatu yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta rasu. Na miƙa katin. Aka ce mini tagar masu inshora ta rufe tun la'asar, sai gobe da safe, amma in biya yanzu, in ya so gobe a daidaita. Na biya kuɗin gado, na biya ƙarin ruwa, allurai da gwajin jini. Da nawa suka ƙare ƙaninsa ya ruga wurin mai POS na bakin ƙofa ya ciro nasa. Gari ya waye, tagar ta buɗe, aka ce abin da aka biya kafin a buɗe fayil ɗin inshora ba ya dawowa. Na ja bakina na yi shiru, domin wanda bai san haƙƙinsa ba ba shi da bakin jayayya, balle mace ita kaɗai da mara lafiya a kwance.

Daga baya ne na ji cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba mara lafiyar gaggawa bisa kowane dalili, har ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Na kuma ji cewa a 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin mara lafiya, wanda a ciki aka rubuta cewa mara lafiya yana da haƙƙin a yi masa bayanin kuɗin da za a caje shi dalla-dalla. Ranka ya daɗe, na zauna a wannan asibitin kusan wata guda, na haddace duk takardar da ke manne a bango saboda zaman jira, daga ta wanke hannu har ta hana tofar da yawu. Ban ga ko ɗaya da ta gaya wa mai kati abin da zai yi idan ya zo da dare ba. Ciwo bai san ƙarfe huɗu na yamma ba. Ina roƙon ku sanya wa duk asibitin da kuka ba izinin karɓar masu kati sharaɗin cewa ɗakin gaggawa ya iya tantance kati a kowane lokaci, dare ko rana, Asabar ko Lahadi, ko ranar Sallah ce.

Sai maganar lamba, wadda ita ce ta fi ci mini rai.

Duk mai kati ya san kalmar nan, ko da bai san ma'anarta ba. Ni ma sai a can na fahimci yadda abin yake. Ƙaramin asibitin da muka zaɓa tun farko shi ne yake duba mu a kan zazzaɓi da mura da awon suga, kuma ana biyansa wani kuɗi duk wata a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko mutumin ya je ko bai je ba. Amma idan ciwo ya wuce nan, ya kai ga tiyata ko ganin ƙwararren likita ko babban hoto, sai an tura wa kamfanin HMO buƙata, shi kuma ya aiko da lambar izini, sannan a taɓa mara lafiya. In ba lambar, asibiti yana tsoron ba za a biya shi ba.

Ranar da likitan fiɗa ya ce a shiga da Malam a kankare ƙafar, an hana shi abinci tun daren jiya. Mai ciwon suga ne, ka san abin da yunwa take yi masa. Muka zauna jiran lamba tun hantsi. Na je taga sau bakwai. Asibiti ya ce ya tura, na kira kamfani aka ce ba a gani ba, na koma taga aka ce a sake turawa, sai aka ce intanet ta ɗauke. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, aka shiga da wani a madadinmu. Lambar ba ta zo ba sai bayan isha'i, kuma ba a sake samun gurbi a ɗakin tiyata ba sai bayan kwana biyu. Har yau in na zauna wanke masa ƙafar nan, sai waɗannan kwana biyun su faɗo mini a rai.

To ashe tun watan Afrilun 2025 hukumarku ta ba da umarni cewa kada kamfanin HMO ya wuce awa ɗaya bai ba da amsa a kan buƙatar lamba ba. Da ɗana ya karanto mini wannan sai da na ce ya maimaita. Umarni ne mai kyau, kuma na yaba muku da zuciya ɗaya. Amma wata takwas da fitowarsa, ni da nake malamar makaranta, mai karanta jarida in ta samu, ban taɓa jin sa ba. Ina ga matar da ta zo daga ƙauye? Umarnin da mai taga ya sani, kamfani ya sani, amma mai jinya bai sani ba, bai gama isowa inda aka aike shi ba. Da na san da shi a ranar, da na dubi agogo na ce awa ɗaya ta cika, a ba ni lambar wayar da zan kai kuka.

Ga abin da nake ganin zai kashe wannan wasan na tura-ta-kai tsakanin asibiti da kamfani. Kowane mai kati kuna da lambar wayarsa. A duk lokacin da asibiti ya tura buƙatar lamba, saƙo ya shigo wayar mai katin cewa an tura da ƙarfe kaza. Idan kamfani ya amsa, wani saƙon ya shigo, an amince ko an ƙi, da dalili. Bankuna suna yi mana haka a kan naira 100 da ta fita daga asusu. Idan awa ɗaya ta cika ba amsa, asibiti ya ci gaba da aiki, nauyin biya ya hau kan kamfanin da ya yi jinkiri, ku kuma ku tsaya wa asibitin har a biya shi. Sannan a samar da lambar waya guda ɗaya, gajeriya, kyauta, wadda ake ɗauka da ƙarfe biyun dare, kuma wanda zai ɗauka ya iya Hausa. Na faɗi Hausa domin ita nake ji, na tabbata masu jinya a Ibadan da Enugu su ma za su nemi nasu harshen.

Na zo kan magani. A ƙa'idarku mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, sauran inshora ta ɗauka. Haka yake a takarda, kuma haka yake a kan farasitamol da maganin ƙarin jini. Amma da zarar likita ya rubuta allurar kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, ko insulin, sai mai ba da magani ya ja biro ya rubuta harufa biyu a gefen takardar, O da S, ya ce babu, a je waje. Wata rana na fita na zagaya ta ɗaya tagar, ta masu biya da kuɗinsu, na tambayi allurar nan da aka ce mini babu. Aka ɗauko mini ita daga kanta. Na saya, domin ƙarfe shida za a yi masa ita.

Na yi fushi a ranar, amma da na zauna da wata ma'aikaciyar wurin ta yi mini bayani, sai na ga su ma a matse suke. Shekara da shekaru ana biyan asibiti naira 750 a wata a kan kowane mai kati. A cikin waɗannan shekarun aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a watan Agustan wannan shekarar, kuɗin magani ya ninka ya sake ninkawa. Na san kun ɗaga kuɗin zuwa naira 1,450 a 2025, kun kuma ƙara farashin da ake biyan asibitoci a kan manyan ayyuka. Wannan ma abin yabo ne. Sai dai muddin farashin da ke cikin littafinku bai kai na kasuwa ba, ko kamfani ya riƙe kuɗin asibiti wata da watanni, asibitin ba zai rufe ƙofa ba, ba kuma zai yi faɗa da kamfani ba. Zai ce wa mai jinya babu. Giɓin da ke tsakanin lissafinku da lissafin kasuwa, mu ne muke cike shi, da ɗan kunnenmu da kuɗin adashinmu. Ni na sayar da awarwaron da mahaifiyata ta bar mini a rana ta 14.

Saboda haka ina roƙon abu uku a nan, kuma a haɗe suke. A riƙa duba farashin nan a kai a kai, kada a sake barinsa ya shekara goma a wuri ɗaya. A manna jerin magungunan da kati ya ɗauka a jikin tagar karɓar magani, da manyan baƙaƙe, yadda kowa zai gani. Kuma idan maganin yana cikin jerin aka ce babu, a ba mai jinya takarda mai hatimi da ke cewa babu ɗin, ya saya a waje, ya kawo rasit, a mayar masa da kuɗinsa cikin kwanakin da kuka ƙayyade. Na ji cewa a shekarar 2024 kun karɓi ƙorafi sama da 3,000, kun hukunta asibitoci da kamfanoni, har kun sa an mayar wa wasu kuɗinsu. Na yi murna da jin haka. Amma ka auna wannan adadin da mutum wajen miliyan 20 da aka ce suna da inshora a ƙasar nan. A ɗakin da muka kwanta kaɗai, mu huɗu ne masu kati, dukkanmu mun sayi magani a waje, kuma ba ɗayanmu da ya san akwai inda ake kai ƙorafi. Ƙarancin ƙorafin da ke isowa teburinka ba alamar gamsuwa ba ce, alamar ba mu san hanya ba ce.

Ranar sallama na zo da leda cike da rasit, wasu na asibiti, wasu na kemis, wasu guntayen takardu ne da aka yaga aka rubuta adadi kawai. Aka ce akwai sauran ciko kafin a ba mu takardar fita. Na ce na mene ne? Aka ce na kayan aiki. Na ce a rubuta mini su ɗaya bayan ɗaya, aka ce ba a yin haka. Malam yana zaune a keken guragu, mai adaidaita yana jira a waje, na biya muka tafi. Har yau ban san nawa kamfani ya biya a kan jinyar nan ba, ban san ko an caje shi kuɗin allurar da ni na saya da kuɗin awarwarona ba. Ku ma ba ku da hanyar sani, domin ba a taɓa tambayata ba. Da za ku wajabta cewa kafin a biya asibiti, sai mai kati ko mai jinyarsa ya ga takarda guda mai ɗauke da duk abin da aka yi masa, da abin da inshora ta biya, da abin da ya biya da hannunsa, ya sa hannu ko ya dangwala, da kun samu masu binciken kuɗi kyauta a kowane gado.

Yanzu bari in shigo cikin gida, domin akwai maganar da na san ba kowa zai gaya maka ita ba.

Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da mace ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Mu a gidanmu mu biyu ne, ni da abokiyar zamana, kuma 'ya'ya tara ne a tsakaninmu. Ranar da aka kawo fom, Malam ya kwana bai yi barci ba, domin an ce ya zaɓi huɗu a cikin 'ya'yansa. Addininsa ya umarce shi da adalci tsakanin matansa da tsakanin 'ya'yansa, fom kuma ya ba shi layi ɗaya da layi huɗu. Ni aka rubuta don ni ce uwargida. Ga shi kuma ni ina da katin taimakekeniyar lafiya na jiha, wanda ake cire mini kuɗinsa a albashi duk wata. Wato ni kati biyu, ita ko ɗaya. Da ta zo haihuwar autanta aka ce sai an yi mata aiki, da kuɗin bashi aka yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ranka ya daɗe. Ban ji daɗin katin nan ba a ranar.

Na san akwai damar ƙara mutum a kan kati idan an biya, kuma akwai shirin GIFSHIP na masu son shiga da kansu. Ban ce a ɗauki gida mai mutum 12 a kuɗin gida mai mutum shida ba, lissafi ba zai yarda ba. Abin da nake roƙo shi ne a sauƙaƙa hanyar. A bar ma'aikaci ya ƙara matarsa ta biyu da sauran 'ya'yansa da tsohuwarsa, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi duk wata, maimakon a ce ya kawo na shekara a dunƙule, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Idan mace tana da katinta na wurin aiki, a bar ta ta sauka ta ba abokiyar zamanta gurbin ba tare da an yi ta zarya ofis ba. Idan yaro ya cika 18 ya fita, ƙaninsa ya hau gurbinsa da saƙon waya ɗaya. Irin gidanmu ba baƙon abu ba ne a Arewa, kuma tsarin da ake so kowa ya shiga ya kamata ya san yadda gidajen mutane suke.

Akwai kuma abin da ke hana ni barci yanzu. Saura shekara uku Malam ya cika 35 a aiki ya yi ritaya, kuma katin ma'aikaci yana tafiya ne da aikin. Mutum ya shekara talatin da ɗoriya yana da kati lokacin da yake da ƙarfi, bai fi ya je asibiti sau biyu a shekara ba, sai ranar da suga da hawan jini suka kama shi, albashi ya koma fansho, a ce ya nemi wani shirin ya biya da kansa. Ina roƙon ku zauna da hukumar fansho a samo hanyar da katin zai bi mutum har ƙarshen ransa.

Duk wannan kukan mai kati ne, kuma na san mu ne 'yan gata. A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo manomi da aka kawo daga wani ƙauye mai nisa, ƙodarsa ta daina aiki. Matarsa ce take jinyarsa, muna shimfiɗa tabarma wuri ɗaya da dare, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Sun sayar da awaki, sun sayar da hatsin da suka ajiye na shekara, suka jinginar da gona. Kullum da safe sai ta ƙirga abin da ya rage a bakin zaninta ta tambaye ni ko zai kai wankin ƙoda ɗaya. Wani yaro ya ɗauki hotonsu ya sa a Facebook da lambar asusu, aka samu abin da aka samu. Ran nan da asuba ta tashe ni ta ce za su tafi gida, kuɗi sun ƙare, za a ci gaba da na gargajiya. Na taya ta ɗaure kaya. Ba mu sake jin labarinsu ba.

Wannan matar ba ta taɓa jin kalmar inshora ba. Amma dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta mayar da NHIS ta zama NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya, ta kuma kafa asusu na musamman domin marasa galihu, aka ce za a ɗauki nauyin mutum miliyan 83. Dokar 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma kaso mai tsoka na wannan kuɗin ta hannunku yake bi zuwa hukumomin jihohi. An sanar da yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a ƙarshen 2024. An sanar da rage kuɗin wankin ƙoda zuwa naira 12,000 a wasu asibitocin tarayya a 2025. Duk waɗannan domin irinta aka yi su. Amma har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a nan Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Wannan ya fi ƙarfin ofishinka kai kaɗai, na sani. Abin da bai fi ƙarfinku ba shi ne a ce a kowane babban asibiti akwai mutum ɗaya, da tebur a inda ake gani, wanda aikinsa shi ne ya zagaya gadaje ya tambayi irin wannan matar ko an rubuta su, in ba a rubuta su ba ya rubuta su a nan take.

Kuma in za ku yi magana da mutanenmu, ku yi ta a inda suke ji. Mutanen karkara rediyo suke saurare. Ku sayi fili duk mako a gidajen rediyon jihohi, ku zaunar da jami'inku ya amsa kiran waya kai tsaye, ya faɗi abin da kati ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, ba tare da kwana-kwana ba. Ku je wurin limamai da masu unguwanni da malaman Islamiyya na mata. Da yawa a cikinmu suna ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda abin da suka ji malamai sun faɗa game da inshorar kasuwanci, shi ya sa Kano da wasu jihohin suka kira nasu tsarin taimakekeniya, kuma sunan ya shiga kunnen mutane. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san gayya, mun san adashi, mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi mutanen Ash'ari saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Idan aka yi wa mai kuɗin unguwa bayani da wannan harshen, zai biya wa marayu goma kuɗin shekara, hukumomin zakka da waƙafi ma za su shigo. Amma ba wanda zai sa kuɗinsa a tsarin da maƙwabcinsa mai kati ya dawo yana cewa an ce masa babu.

Muna da dangi a zangon Kumasi. Ƙanwar mahaifina da ke can ta gaya mini cewa ita daga ɗakinta take sabunta katinta, ta danna *929# a ƙaramar wayarta ta biya. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, mu dokarmu ta farko tun 1999 take, aka fara aiki da ita a 2005. Su ma suna kukan ƙarancin magani da jinkirin biyan asibitoci, ba aljanna ba ce. Amma tsohuwar da ba ta yi boko ba ta san lambar da za ta danna, ta san ranar da katinta zai mutu. Iyakar abin da nake nema wa matan da muka kwana a baranda tare ke nan.

Ranar Litinin mai zuwa muke da ganin likita. Za a buɗe ƙafar a duba, a sake rubuta masa insulin na wata. Zan tafi da katin, zan tafi da kuɗi a jaka saboda ko za a ce babu, kuma a wannan karon zan tafi da takardar da ɗana ya rubuta mini da hannunsa, mai ɗauke da sashe na 20 da umarnin awa ɗaya da maganar kashi 10, da Hausa. Na sa ya yi mini kwafi 30 a shagon bakin makarantarmu, zan raba wa masu jinyar da na tarar a ɗakin da muka kwanta. Ina roƙon takarda ta gaba da za ta shiga hannunsu ta zama taku ce, da hatiminku da lambar wayar da za a ɗauka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi muku jagora a kan wannan amana.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare, mai jinyar mijinta.